Tayi Da Albarka: Yadda Ɗalibi Mai Neman Aikin Kuɗi Zai Jure Wa Hani

Gabatarwa

Duk wanda ya saba shiga kasuwa a ƙasar Hausa ya san yadda ciniki yake gudana. Mai saye yakan duba kaya ya taya, mai kaya kuwa in tayin bai yi masa ba sai ya ce, "Albarka." Da wannan kalma guda ya ƙi abin da aka ba shi, amma bai wulakanta mai tayin ba, bai kuma rufe ƙofar ciniki ba. Mai saye yana iya ƙarawa, yana iya matsawa rumfa ta gaba, yana kuma iya komawa gida ya dawo wata ran kasuwar da guzurin da ya fi na yau.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi nazarin halin da ɗalibi yake shiga yayin da yake shirin kama aiki a fagen harkar kuɗi, watau banki, ko inshora, ko aikin akanta, ko kasuwar hannun jari, sa'an nan ya yi ta neman gurbi ana hana shi. A cikin wannan ciniki ɗalibi shi ne mai tayi, takardunsa da basirarsa su ne kuɗin da ya taya da su, gurbin aikin kuwa shi ne kayan. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, hani labari ne da kasuwa take ba ɗalibi game da farashi, kuma wanda ya iya karanta labarin nan shi ne zai jure, ya kuma gyara tayinsa. Batun ya shafe mu mu ɗaliban harshe, domin bankuna da yawa sukan ɗauki matasa daga kowane fanni su horar da su da kansu.

Matakan da akan gamu da hani

Hani yakan fara tun ɗalibi bai bar jami'a ba. Wanda fanninsa yake bukatar zuwa sanin makamar aiki, ƙarƙashin shirin SIWES da hukumar ITF ta ƙirƙiro a 1973, yakan ɗauki takarda daga sashensa ya yi ta zagaya ofisoshi, wani wuri a ce babu gurbi, wani wuri a karɓi takardar a ce za a neme shi, daga nan shiru.

Mataki na biyu shi ne jarrabawar ƙwarewa. Digiri kaɗai ba ya mai da mutum cikakken akanta a Nijeriya, sai ya samu shaidar cibiyar ICAN, wadda doka ta kafa a 1965, ko ta ANAN, wadda doka ta amince da ita a 1993. Ma'aikatan banki suna da tasu cibiyar, watau CIBN, wadda ta samu dokarta a 1990. Masu son nazarin zuba jari kuwa sukan nemi shaidar CFA, wadda cibiyarta take Amurka. Jarrabawar CFA hawa uku ce, ana kuma ba da shawarar mutum ya yi karatun kimanin awa 300 kafin kowane hawa. Duk da haka yawancin shekaru waɗanda suke cin hawan farko ba su kai rabin masu zama ba, har ma a zaman watan Yuli na 2021 kashi 22 cikin 100 ne kacal suka haye. Ashe ke nan faɗuwa a irin wannan jarrabawa ita ce ta fi yawa, kuma da yawa daga cikin masu riƙe da shaidar sai da suka maimaita wani hawa.

Mataki na uku shi ne neman aikin kansa bayan hidimar ƙasa. A nan ƙofofin a jere suke. Da farko a cike takarda ta intanet, sa'an nan a zauna jarrabawar gwajin basira, wadda ta ƙunshi lissafi da Turanci da saurin fahimta cikin ƙayyadadden lokaci. Wanda ya tsallake sai a kira shi ganawa, wani lokaci har sau biyu ko uku, sa'an nan gwajin lafiya. Bayan wannan duka, bankuna da dama suna da makarantar horo ta 'yan watanni, inda wanda bai kai makin da aka yanka ba za a sallame shi. Kowace ƙofa daga cikin waɗannan tana da nata hanin, kuma kowane hani ma'anarsa daban.

Dalilan hani

Ana iya kasa dalilan hani gida huɗu, kuma rarrabe su shi ne rabin magani.

Na farko shi ne halin kasuwar kanta, watau masu tayi sun yi yawa kaya kuwa kaɗan ne. Yawan guraben aiki a banki yana hawa yana sauka ne bisa abubuwan da ba su da dangantaka da ƙoƙarin ɗalibi. A watan Yuli na 2004 Gwamnan Babban Bankin Nijeriya, Farfesa Charles Soludo, ya ɗaga mafi ƙarancin jarin banki daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, ya ba da wa'adi zuwa ƙarshen 2005. Da wa'adin ya cika, bankuna 89 sun koma 25. A cikin wannan haɗaka ne Bankin Arewa, wanda hedkwatarsa take Kano, ya narke cikin Unity Bank a 2006. A watan Agusta na 2009 kuma Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi, yana Gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna biyar saboda tarin bashin da ya ƙi biyuwa, abin da ya kai ga kafa hukumar AMCON a 2010 don ta sayi irin waɗannan basussuka. Har ila yau a watan Maris na 2024 an sake ɗaga jarin, inda aka yanka wa bankin da yake hulɗa da ƙasashen waje naira biliyan 500, na ƙasa baki ɗaya biliyan 200, na yanki kuwa biliyan 50. A watan Yuni na wannan shekarar aka soke lasin Heritage Bank. Duk lokacin da bankuna biyu suka haɗe, rassa sukan ragu, ma'aikata sukan yi yawa, sai a tsuke ƙofar ɗaukar sababbi. Ɗalibin da ya fito a irin wannan shekara zai sha hani ko da kuwa shi ne zakaran ajinsu.

Na biyu shi ne sharuɗɗan tankaɗe. Da yake masu nema dubbai ne, ba mai iya karanta takardunsu ɗaya bayan ɗaya, saboda haka akan sa kwamfuta ta tankaɗe su da wasu ƙa'idoji. Mafi shahara su ne darajar digiri da shekarun haihuwa. Tallace-tallacen aiki da yawa sukan nemi digiri mai daraja ta biyu rukunin sama, watau maki 3.50 zuwa sama a ma'aunin 5.00, sukan kuma ce kada mai nema ya wuce shekara 26 ko 27. Wannan sharaɗi na shekaru ya fi cutar da ɗaliban jami'o'in gwamnati. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ɗauki wata tara, na 2022 kuma wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda ya shiga jami'a yana ɗan shekara 20, yajin nan biyu suka rutsa da shi, sa'an nan ya jira kiran hidimar ƙasa ya yi shekararsa guda, to, yana iya tarar da kansa a bakin iyaka tun bai aika takarda ko ɗaya ba. Irin wannan hani ba wani mutum ne ya duba shi ya ga bai cancanta ba. Na'ura ce ta ga lamba ta ajiye shi gefe.

Na uku shi ne gazawar tayin, kuma wannan ne kaɗai yake hannun ɗalibi ɗungurungum. Wani ya san lissafi amma bai saba yin sa da agogo a gabansa ba. Wani takardar bayanin kansa, wadda aka fi sani da CV, cike take da kurakuran rubutu. Wani kuma a wurin ganawa a tambaye shi yadda banki yake samun riba, ko abin da yake faruwa ga masu rance in Babban Banki ya ɗaga kuɗin ruwa, sai ya yi tsuru-tsuru. Akwai kuma wani abu da ya shafi tarbiyyarmu. An rene mu a kan kunya da kawaici, an koya mana cewa yabon kai jahilci ne, kuma yaro ba ya haɗa ido da babba. A ɗakin ganawa kuwa ana so mutum ya ɗaga kai ya faɗi abin da ya iya dalla-dalla. Wanda bai bambance tsakanin fariya da bayani ba, sai masu ganawa su ɗauki ladabinsa a matsayin rashin sani.

Na huɗu shi ne kayan da aka riga aka sayar. Ba a ɓoye yake ba cewa sanayya da alfarma suna aiki a wasu wurare, ta yadda wani gurbin tun kafin a yi tallarsa an san mai shi. Musun wannan yaudarar kai ne. Amma jingina kowane hani gare shi ya fi haɗari, domin wanda ya gamsu cewa sai da uwa a gindin murhu ake samun aiki ba zai sake buɗe littafi ba, alhali kuwa kowace shekara akwai 'ya'yan talakawa da suke shiga ta hanyar jarrabawa.

Abin da ya sa hani yake da ciwo

Masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun nuna a 1979 cewa mutum ya fi jin zafin asara fiye da yadda yake jin daɗin riba mai daidai da ita, daga baya kuma suka kimanta cewa zafin yakan kai kusan ninki biyu. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa saƙon hani guda yake shafe farin cikin jarrabawa uku da aka ci kafinsa. Bugu da ƙari, wani bincike da Naomi Eisenberger da abokan aikinta suka buga a 2003 ya nuna cewa idan aka ware mutum daga cikin jama'a, wani sashe na ƙwaƙwalwa da yake motsawa lokacin ciwon jiki shi ma yakan motsa. Saboda haka wanda ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi bayan hani ba rago ba ne, halitta ce take aikinta.

A wurinmu akwai ƙarin nauyi, domin karatun ɗa ba nasa ba ne shi kaɗai. Sau da yawa an sayar da amfanin gona ko dabba an biya masa kuɗin makaranta, ƙanne suna jiran ya kama aiki ya ɗauki nasu, maganar aure kuma tana jiran albashi. Tambayar da akan yi masa da kyakkyawar niyya, "Har yanzu shiru?" takan zame masa kamar tuhuma. Ga kuma wayar hannu, inda kullum yake ganin hoton abokin karatunsa sanye da kwat a ranar kama aiki, amma ba ya ganin saƙonnin hanin da abokin ya share kafin wannan ranar.

Dabarun jurewa daga cikin ilmin kuɗi

Abin sha'awa shi ne, fannin da ɗalibi yake son shiga ya tanadi kayan aikin da zai jure da su, domin harkar kuɗi gaba ɗayanta ilmin zama da rashin tabbas ce.

Dabara ta farko ita ce ajiye littafi. Ɗan kasuwar da ba ya rubuta shiga da fita ba zai san inda jarinsa yake yoyo ba. Ya kamata ɗalibi ya buɗe littafi ya riƙa rubuta kowane wuri da ya nema, da ranar, da matakin da ya tsaya. Bayan nema goma ko ashirin littafin zai yi magana. In ba a taɓa kiransa jarrabawa ba, matsalar tana ga takardunsa ko ga irin wuraren da yake nema. In yana zuwa jarrabawa yana faɗuwa, maganinsa atisaye da agogo kullum. In kuwa yana kaiwa ganawa sa'an nan a yi masa albarka, to, ya kusa, abin da ya rage shi ne ya sami wani malami ko ma'aikacin banki ya riƙa yi masa ganawar gwaji yana gaya masa gaskiya. Ta haka baƙin cikin da ba shi da kan gado zai koma aiki mai suna.

Dabara ta biyu ita ce sanin lissafin dama. A ƙaddara, alal misali, damar mutum a kowane nema ɗaya ce cikin ashirin. In ya nemi wuri goma, yiwuwar a hana shi duka goman ta kai kusan kashi 60 cikin 100. In ya nemi wuri arba'in kuwa, sai ta sauko zuwa kimanin kashi 13. Ma'ana, hani goma a jere ba abin mamaki ba ne ko ga wanda ya cancanta, kuma wanda ya tsaya a na goma ya yanke wa kansa hukunci da shaidar da ba ta isa ba.

Dabara ta uku ita ce rarraba jari. Harry Markowitz ya bayyana a 1952 yadda raba dukiya a kan kadarori daban-daban yake rage haɗari, aikin da ya sa ya samu kyautar Nobel a 1990. Manomin ƙasar Hausa ya daɗe da sanin haka, shi ya sa yake haɗa gero da dawa da wake a gona guda, in damina ta ƙi wannan ta karɓi wancan. Ɗalibin da ya ɗora ransa a kan manyan bankuna uku ko huɗu da suke Legas ya shuka iri ɗaya ke nan. Fagen kuɗi ya fi haka faɗi. Akwai kamfanonin fansho da suka samu bayan dokar 2004, akwai inshora da takwararta ta Musulunci da ake kira takaful, akwai ƙananan bankunan talakawa, da kamfanonin binciken kuɗi, da hukumomin haraji, da ofisoshin akanta na jihohi, da kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya irin su Moniepoint da OPay. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da aikin kuɗin ruwa ba yana da ƙofarsa, domin bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, Gwamnatin Tarayya ta fitar da sukuk na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi, Jami'ar Bayero kuma tana da cibiya ta musamman mai koyar da wannan fanni. Daɗin daɗawa, Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas su ne kan gaba wajen yawan mutanen da ba su hulɗa da banki. Duk kamfanin da yake son ya kai gare su yana bukatar wanda zai iya fayyace wa Bahaushen ƙauye ma'anar lamuni da jingina da inshora cikin harshen da zai yarda da shi. Wannan jari ne da ɗalibin Hausa yake riƙe da shi, sau da yawa bai ma sa shi a cikin tayinsa ba.

Dabara ta huɗu ita ce yanke asara. Ɗan kasuwar Kantin Kwari in yayin atamfa ya wuce ba ya rungume ta yana tuna nawa ya saye ta, karyar da ita yake yi ya fitar da uwar kuɗinsa ya sari wadda ake yayi. Haka nan wanda shekarunsa suka haye iyakar bankuna bai kamata ya ɓata wasu shekarun yana ƙwanƙwasa ƙofar da aka sa wa sakata ba, balle ya kai ga rage shekarunsa da takardar rantsuwar ƙarya, domin aikin da aka gina a kan amana ba a shigarsa da ha'inci. Gara ya bi ta ƙofar ƙwarewa, ya ci jarrabawar akanta, ya yi aiki a ƙaramin wuri, domin gurbin masu gogewa ba a cika tsananta sharaɗin shekaru a kansa ba.

Dabara ta biyar ita ce ajiyar ko-ta-kwana. Babban Banki yakan tilasta wa kowane banki ya ajiye wani kaso na kuɗin jama'a a wurinsa, ba ya barinsa ya ba da rancen duka. Ajiyar ɗalibi ita ce wata sana'a da za ta riƙe shi lokacin jira, musamman wadda take kusa da burinsa. Yana iya riƙe wa wani mai shago littafi a Singa ko Dawanau, ko ya zama ma'ajin ƙungiya, ko ya koyi aiki da Excel har ya gwanance. Wannan zai ba shi na cefane, ya kuma ba shi abin faɗa a ɗakin ganawa. Sa'an nan wanda yake da abin yi ba ya saurin faɗawa hannun 'yan damfara masu sayar da takardar ɗaukar aiki. Ƙa'ida ce sananna, duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya ba da gurbi a banki, to, a yi nesa da shi.

Haƙuri da jama'a

Bahaushe ya ce wani hani ga Allah baiwa ne, ya kuma ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Waɗannan maganganu suna sanyaya zuciya, suna hana mutum hassadar wanda ya samu. Amma shi Bahaushen ne dai ya ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Haƙurin da ake nufi a nan shi ne na manomi, wanda fari ya kashe masa shuka ya sake ɗaukar iri ya koma gona. Wanda ya naɗe hannu ya ce yana jiran rabo, sunan abin da yake yi sakaci.

Yana da kyau kuma ɗalibi ya ba kansa kwana ɗaya ko biyu ya ji zafin abin, kada ya yanke wata babbar shawara a cikinsu. Bayan haka ya sanar da iyayensa yadda tsarin yake, ƙofa nawa ce, ya kuma tsaya a ta nawa, domin iyaye sun fi haƙuri da abin da suka fahimta. Ya haɗa kai da 'yan'uwansa masu nema su riƙa atisaye tare suna sanar da juna guraben da suka fito, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In kuwa abin ya kai ga barci ya ƙaurace, abinci ya fita rai, mutum ya guji jama'a har tsawon makonni, to, ya wuce ɓacin rai na yau da kullum, ya kamata a ga likita ko a je ofishin ba da shawara na jami'a, kuma babu abin kunya a cikin haka.

Kammalawa

An ga cewa hani yana zuwa a matakai daban-daban, kuma dalilansa huɗu ne: halin kasuwa, da sharuɗɗan tankaɗe, da gazawar tayi, da alfarma. Ɗaya daga cikinsu ne kawai yake magana a kan ɗalibin kansa, shi ma kuwa yana gyaruwa. Ya kamata sassan jami'a su taimaka ta hanyar gayyato tsofaffin ɗalibansu da suke wannan fage su zo su yi bayani, har da yawan hanin da suka sha kafin su samu. Ya kamata kuma mai shirin shiga aikin kuɗi ya tuna cewa ran da ya samu kujerar, shi ma aikinsa zai ƙunshi duba takardun masu neman rance yana ce wa wasunsu albarka. Wanda ya ɗanɗani hani ya fahimci dalilansa, shi ne zai iya hana mutum ba tare da ya karya masa zuciya ba, ya kuma gaya masa abin da zai gyara kafin ya dawo. Allah ya sa mu dace.